Moɗar Ruwan Iya Lami

Kakata ta mutu ba a yi mata baftisma ba. Akwai ruwa a randa, moɗa tana kan murfi, mutumin da ya san abin yi yana tsaye a bakin ƙofa. Ya juya ya tafi. A gabana aka yi.

Sunanta Lami, kowa Iya Lami yake ce mata. Bamagujiya ce daga wani ƙauye kudu da Kano. Fari ne ya koro mu birni, ni da ita. Uwata ta riga ta rasu. Ubana ya tafi kudu neman aiki, har yau shiru. Wata Hajiya Binta a Yakasai, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ba mu ɗaki a bayan gida kusa da madafi, ta ɗauki Iya aikin suya.

Ranar farko Iya ta gaya mata gaskiya. Ta ce, "Hajiya, kada ki ji a bakin wani. Ni coci nake zuwa, wajen 'yan Katolika."

Hajiya ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "Gyaɗa na ɗauke ki ki soya min. Kada dai ki bari ta ƙone."

Ba a sake tayar da maganar ba. Asabar da Lahadi mukan fita ta Ƙofar Mata, mu ratsa Fagge a ƙafa har Sabon Gari, mu dawo. Unguwa ta sani. Wasu sukan amsa gaisuwarmu, wasu sukan kau da kai. Da salla Hajiya takan aiko mana da tuwo da nama. Da Kirsimeti Iya takan dafa shinkafa ta kai mata, Hajiya ta ci a gabanta don kada ta ji wani abu.

Da yamma ake suya, in rana ta yi sanyi. Bayan magariba gidan yakan natsu, ba ka jin kome sai ƙarar gyaɗa a kasko da fashewar kara a wuta. Iya tana kan 'yar kujerarta, hayaƙi yana shiga idonta, ba ta ko ƙiftawa. Mu yara muna zagaye da murhu: ni da Sani, jikan Hajiya, sa'ana, da ƙannensa mata. Aikinmu murje ɓawon gyaɗar da ta huce a faifai. Ladanmu tatsuniya, da gyaɗar da ta ƙone.

Ban taɓa jin ɗumi irin na wurin nan ba, kafin nan ko bayan nan. Bayanka sanyi, gabanka wuta, tafin hannunka yana ƙaiƙayi da ɓawo. Iya tana da nata salon farawa. Takan buga ludayi a gefen kasko ta ce, "Ga baƙuwa a bakin zaure. A bar ta ta shigo?"

Mu ce, "Ta shigo, an shimfiɗa tabarma."

Maigida take ce min, irin wasan kaka da jika. In ta ga na saki baki na daina murza, sai ta ce, "Maigida, kunne yana ji, hannu yana aiki. Mijin da ba ya murza gyaɗa korarsa zan yi in auri Sani." Sani ya ce shi ba ya son tsohuwa mai warin hayaƙi. Ta ce ai shi ma majina ta hana mata ganin kyansa.

Tatsuniyoyinta da yawa. Amma akwai ɗaya da take yawan komawa kanta, ta ɗan gawayi.

Wai wani babban manomi ne gobarar daji ta raba shi da ɗansa ƙarami. Masu ƙona gawayi suka tsinci yaron suka raine shi. Ya girma cikin hayaƙi, baƙi ya yi masa ɓawo a fuska har ya rufe tsagar gidansu da ke kumatunsa. Da ya yi wayo aka gaya masa ko ɗan wane ne, ya kama hanyar gida. A zauren ubansa akwai mai gadi, ga randa cike da ruwa, ga moɗa. Mai gadin ya gane yaron tun daga tafiyarsa. Ya san moɗa ɗaya ta isa ta wanke fuskar, tsaga ta fito, uba ya gane ɗansa. Amma tun da ɗan ya ɓata, shi ake yi wa kallon ɗan gida, shi ke cin ragowar akushin maigida. Sai ya tare ƙofa. Ya ce, "In kai ɗan gidan nan ne, faɗi sunayen kakannin gidan tun daga na fari." Yaron ya faɗi kaɗan ya kakare. Mai gadi ya ce, "Je ka, sai baɗi."

A nan Sani yakan katse ta. "Iya, ba rafi a garin? Ya je ya wanke fuskarsa mana."

Takan ce, "Ya wanke, Sani, har fata ta yi masa zafi. Irin wannan baƙin ba ya fita da hannun mai shi. Sai wani ya zuba maka."

Haka yaron ya yi ta zuwa, shekara da shekaru, ana cewa sai baɗi. Har wata shekara ya zo ba shi da ƙarfin magana. Ya zauna a gindin bango ya jingina kai. Ba hadari, ba iska, sai ga ruwa daga sama. Indararon gidan ya kwararo masa a ka. Baƙin ya bi ƙasa. Maigida ya leƙo ya ga tsagarsa a kumatun wani a bakin ƙofarsa. Ya fito da gudu ba takalmi. Da ya ji duk abin da aka yi, ya sa aka kawo mai gadi, ya ce wa ɗansa, "Ga shi nan. Abin da ka yanke shi za a yi."

Nan Iya take tsayawa. Ta juya gyaɗa, ta ƙara kara a wuta, ta bar mu muna jira. Sannan ta nuna mu da ludayi ɗaya bayan ɗaya. "Kai, me za ka yi masa?"

Sani yakan ce a ɗaure shi a rana. Ƙanwarsa ta ce a aske masa gemu. Ni kullum amsata ɗaya ce: a cika masa baki da garin gawayi, a hana shi ruwa.

Iya ta yi dariya har ta yi tari. "Maigida, Allah ya raba ni da fushinka." Sai ta ƙarasa. Wai yaron ya ce kada a taɓa shi. A mayar da shi zaure, a ba shi moɗar nan a hannu. Duk wanda ya zo ƙofar da baƙi a fuska, shi zai zuba masa ruwa, ba tambaya, har ranar da zai mutu.

"Baƙuwa ta tashi," in ji Iya. "A naɗe tabarma."

Ƙarshen nan bai taɓa yi min daɗi ba. Ina ganin an cuci yaron sau biyu.

Iya ba ta da baftisma. A ƙauye ta fara bin 'yan coci bayan rasuwar kakana, fari ya katse mata koyo. Da muka zo birni ta shiga ajin katikisma na manya, wato ajin da ake koya wa masu neman baftisma addini. Tambaya da amsa ne, a haddace. Kafin bikin Ista katikis, mai koyar da ajin, yakan gwada kowa, wanda ya amsa daidai a kai shi gaban Fada, limamin cocin, a yi masa. Iya ta riga ta zaɓi sunan da za a sa mata: Hannatu. Ta sayi farin zane ta ajiye a ƙasan kwalla. Lokaci lokaci takan fito da shi ta kakkaɓe ta mayar.

Katikis ɗin sunansa Malam Istifanus. Ɗan ƙauyenmu ne. Ranar da Iya ta fara shiga ajin ta gan shi tsaye da littafi da farar riga, farin ciki ya kama ta. Ta ɗaga murya a gaban kowa ta ce, "Wa nake gani kamar Nomau? Nomau na gidan Bawa, mai gudun bunsuru? Ni na goye ka ranar da uwarka ta tafi biki."

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Sunana Malam Istifanus. Zauna a baya."

Iya ba ta iya karatu ba, kuma kalmomin littafi ba sa zama a kanta yadda aka jera su. Tana soya gyaɗa tana maimaitawa, in ta kama farko ƙarshe ya zame. Ranar gwaji a gaban Malam Istifanus ina zaune a ƙasa kusa da ƙafarta. Ya ce, "Mene ne baftisma?" Ta faɗi rabi ta tsaya. Ta ce, "Bari in faɗa maka yadda na gane shi. Wani manomi ne gobara ta raba shi da ɗansa."

Ya ce, "Iya, nan ba gindin murhu ba ne. Sai baɗi."

Baɗi ta zo, ya ce sai baɗi. Na ga tsofaffin da ba su kai ta ba ya wuce da su, yana ma ɗora musu amsa a baki. Ita in ta sauya kalma ɗaya ya rufe littafi. Ba ta taɓa kai ƙara wajen Fada ba. A ganinta katikis bakin Fada ne. A hanyar dawowa ba ta magana sai mun shigo ganuwa, sannan ta ce, "Maigida, bana ma zanen zai huta."

Sai da na girma na tuna wani abu. Farkon zuwanmu Yakasai, a tatsuniyar babu tambayar kakanni, babu sai baɗi. Mai gadi korar yaron kawai yake yi. Daga baya ta ƙara su. Iyakar ƙarar da ta kai ke nan, a gaban yara da kaskon gyaɗa.

Hayaƙi ne ya ci ƙirjinta. Da zafin bazara ta kwanta, Ista ta kusa. Wata rana da azahar ta ce, "Maigida, fito min da zanen. Sannan ka je ka kira Fada."

Na ruga Sabon Gari. Aka ce Fada ya tafi ƙauyuka, sai wani mako. Na sami Malam Istifanus yana koya wa mata waƙa. Na riƙe masa riga har ya taso. Ya zo a kan kekensa, ina gudu a baya.

Bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa. Hajiya tana zaune tana yi wa Iya fifita, farin zane yana kan ƙafarta. Iya ta buɗe ido ta gan shi. Ta ce, "Malam Istifanus." Ranar ce kaɗai na ji ta kira shi haka. "Malam Istifanus, a yi min."

Ya ce, "Mene ne baftisma?"

Leɓenta ya motsa. Numfashi ne kawai ya fito.

Hajiya ta ajiye mafici. Ta ce, "Malam, matar nan tafiya take yi. In akwai abin da ake yi a addininku, yi mata."

Ya dubi randa. Na ga idonsa ya sauka a kan moɗar, ya ɗauke. Ya ce, "Aikin Fada ne. Sai ya dawo." Ya hau kekensa.

Ta kai washegari da hantsi. Ina riƙe da hannunta ɗaya, ɗayan tana murza kumatunta da shi. Maganarta ta ƙarshe ita ce, "Maigida, baƙin bai fita ba."

Hajiya da matan gida suka yi mata wanka, suka naɗe ta da farin zanenta. 'Ya'yan Hajiya suka kai ta ƙauye a motar kaya. Ba wanda ya taɓa kiranta Hannatu tana raye.

Ban sake shiga coci ba, ni ma ba a taɓa yi min baftisma ba. Ban zargi kowa ba a lokacin. Na ɗauka haka dokar take, Fada ba ya nan, shi ke nan. Da Hajiya ta rasu na bar gidan. Na kwana a rumfunan kasuwa, na yi dako, an fasa min kai a layin famfo, na fasa na wani. A ƙarshe na zama mai ga-ruwa, ina tura kura da jarkoki a lungunan Yakasai da Soron Ɗinki. Na auri wata 'yar ƙauyenmu, ta haifa min mace, ta rasu. Na sa wa yarinyar Hannatu. Sani, wanda yanzu Alhaji ne, ya tare ni a hanya wata rana ya ce ɗakin Iya yana nan babu kowa, in daina yawo da marainiya. Na koma. Randar tana nan, moɗar ma.

Dangin uwarta ne suka kai Hannatu aka yi mata baftisma tana jaririya. Da ta girma ta fara damuna. "Baba, kowa a coci yana tashi ya je gaba ya karɓi Jibin Ubangiji, kai ko ƙofar ba ka shiga." Ta yi ta yi har na gaji. Na shiga ajin manya da furfura a kaina.

Ajin yanzu ba kamar na da ba ne. A ƙarƙashin dalbejiya ake yi a bayan coci, ranar Asabar, manya da samari tare. Mai koyarwa wata Malama Rahila ce, ba ta kai rabin shekaruna ba. Ba ta cewa sai kalmar littafi. Takan ce min, "Baba Jatau, faɗa min da bakinka yadda ka gane." Na fara jin daɗin wurin. Na ce a raina, abin da Iya ba ta samu ba ni zan karɓa mata.

Wata Asabar ana darasin baftisma, wani saurayi mai gyaran waya ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, in mutum yana bakin mutuwa kuma babu Fada fa?"

Ta ce, "Kowa yana iya yi masa. Katikis, ko kai, ko yaro. Ko wanda ba Kirista ba ma, in dai ya yi nufin abin da coci take nufi. Ruwa a ka, a kira sunan mutum, a ambaci Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya wadatar."

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Tun asali, Baba."

"Katikis ya san haka?"

"Yana cikin abin da ake fara koya musu."

Na tashi. Bencin ya kife da mutum biyu. Ruwa nake turawa tun ina saurayi, na shayar da unguwa guda, na zubar da wanda ya fi rijiya a kan hanya. Moɗa ɗaya. Ni ma da zan iya. Hajiya ma da za ta iya, kuma na san da ta yi. Kalma ɗaya ya rage ya faɗa mana kafin ya hau keke.

Malama Rahila ta biyo ni bakin titi. Na gaya mata. Ta ce, "Baba, saurara. Coci tana koyar da cewa wanda ya mutu yana neman baftisma da zuciya ɗaya, Allah yana karɓar nemansa a madadin ruwan. Kakarka ba ta rasa kome ba."

Indararo ya faɗo min a rai. Ashe Iya ta san wannan ma, ba da littafi ba.

Na ce, "Na ji. Allah ya wanke ta. Amma a ranar ita ta sani?"



Na ƙara da cewa, "Ta mutu tana murza kumatu."

Nemansa bai yi wuya ba. Yana raye, a wani ɗaki a bayan wani gidan haya a Sabon Gari. Na ɗauki ƙarfen da nake tokare kura da shi na tafi. Ban tsara abin da zan yi ba, amma ƙarfen na ɗauka.

Na same shi a kan katifa a ƙasa. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. 'Ya'yansa suna kudu. Ɗakin yana wari. Randarsa a bushe, sai yaran maƙwabta sun tuna da shi. Ya dube ni da ido ɗaya, ya daɗe. Ya ce, da harshe mai nauyi, "Jikan Lami."

Na ce, "Ka san kowa yana iya yi."

Ya ce, "Ba ta shirya ba."

Na buga ƙarfen a ƙasa.

Ya rufe ido. Can ya ce, "Ta ce min Nomau. A gaban aji."

Dalilin ke nan. Na jira ko akwai saura. Babu.

Na tsuguna kusa da kansa. Na ce, "Malam Istifanus, mene ne baftisma?"

Ya buɗe baki. Amsar tana kansa, na ga yana nemanta, harshe ya ƙi ɗauka. Yawu ya zubo masa. Na bar shi ya yi ta ƙoƙari har ya gaji.

Na ce, "Ba ka ci ba. Sai baɗi."

Na fita na bar shi da busasshiyar randa. Zan faɗi gaskiya, daɗin da na ji a hanyar nan ban taɓa jin irinsa ba. Amma bai kai ni gida ba. Kafin in shigo ganuwa ya ƙare, ya bar ni da yunwar wani. Duka ɗaya da ƙarfe, da an gama, shi ya huta. Hana shi ruwa, kwana kaɗan ne shi ma ya huta. Iya shekaru ta yi.

Na shiga ɗaki na ga moɗar a kan randa. Nan na gane abin da ɗan gawayi ya yi. Ina yaro na ɗauka tausayi ne. Ba a cika wa mai gadi baki da gawayi ba, gaskiya. An dai ba shi moɗar da ya hana, an ce ya riƙe ta har mutuwa. Duk zubawa ɗaya sai ya ga sauƙin abin da ya ƙi yi.

Washegari na koma da jarka biyu da moɗar Iya. Na tayar da shi zaune. Na cika moɗar na sa masa a hannun da ke aiki. Ya kai baki, na riƙe.

Na ce, "Wannan ba taka ba ce. Zuba a ƙasa. Kira sunanta."

Ya ce, "Lami."

"Ba shi ba. Wanda ta zaɓa. Ta gaya maka."

Ruwan yana zuba a kan cinyarsa. Ya karkata moɗar. Ya ce, "Hannatu."

Ƙasa ta shanye. Sannan na cika masa randa, na ba shi ya sha, na wanke masa fuska, na fitar da katifar rana.

Tun daga ranar haka muke yi duk Asabar in an tashi daga aji. Moɗar farko tata ce. Wani lokaci yana kuka, wani lokaci yana zagina da rabin baki. Maƙwabtansa suna sa min albarka, suna cewa samun irina sai an tona.  Sau ɗaya ya tambaye ni, "Ka yafe?" Na ce, "Zuba."

Da Ista ta matso Fadan yanzu ya kira ni. Yaro ne shi ma, mai sanyin magana. Malama Rahila ta gaya masa kome. Ya ce, "Baba Jatau, Malama ta ce ka fi kowa ganewa a ajin. Ka shirya?"

Na ce, "A'a."

"Me ya rage?"

Na ce, "An ce a gaban ruwan za a tambaye ni ko na rabu da mugunta. In na ce e, na yi ƙarya. Ko addu'ar da ake roƙon Allah ya yafe wa mutum daidai da yadda ya yafe wa wasu, in an zo wurin rufe bakina nake yi. Ba zan roƙa wa kaina irin awon da nake yi wa tsohon nan ba."

Ya ce, "Kana ba shi ruwa. Kana wanke shi. 'Ya'yansa ba su yi ba. Wannan ba hanyar gafara ba ce?"

Na ce, "Fada, so nake ya daɗe."

Ya dube ni. Bai yi wa'azi ba, na yaba masa da wannan. Ya ce, "Abin da aka yi wa kakarka zalunci ne, kuma da sunan coci aka yi shi. Ina ba ka haƙuri. Ruwan yana nan duk ranar da ka zo. Ni ba zan ce maka sai baɗi ba. Kai ne kake faɗa wa kanka."

Maganar ta zauna min. Har yanzu tana nan. Wani lokaci ina tura kura sai in ga kamar ni ne yaron kuma ni ne mai gadin, a ƙofa ɗaya. Wani lokaci kuma nakan ce wataƙila Iya tausayin take nufi da gaske, ni ne na mayar da shi wuƙa. Da tana nan da ta nuna ni da ludayi ta ce, maigida, Allah ya raba ni da fushinka. Ba ta nan. Wanda ya sa ta tafi da tsoro yana nan, kuma hannunsa ɗaya yana aiki.

An yi wa 'yan ajinmu baftisma, har da mai gyaran waya. Na tsaya a baya na kalla. An buɗe sabon aji, na sake zama a bencina.

Abu ɗaya na yi. Na zaunar da Hannatu na sa ta maimaita min kalmomin har na tabbata ba za ta kakare ba. Na ce in ta ga na faɗi kada ta ruga neman kowa, ga randa nan, ga moɗa. Ta ce, "Baba, in ina makaranta fa?" Na ce ai ɗakin yana da indararo. Ba ta yi dariya ba.

Ina Yakasai, a ɗakin da Iya ta mutu, ba ni da baftisma. Ina tura ruwa. Tsohon yana raye. Gobe Asabar, na wanke moɗar.